Dutsen tankina na ruwan gishiri ya zo da launin ruwan hoda, yanzu ya fara fari: mutuwa ce ko zai farfaɗo?

Mai Tarwada, wajen Ringim

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tarwada nake kiwo, shekara tara ke nan, amma a harkar ruwan gishiri sabon shiga ne ni. Ƙanena da ke aiki a Legas ne ya haɗo min tankin gilashi mai lita 120, da gishirin haɗa ruwan teku, da famfo biyu, da fitila, da duwatsu huɗu a nannaɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Abin da ya ɗauki hankalina a duwatsun nan shi ne wani ɓawo da ya lulluɓe su, ruwan hoda, wani wurin ya tafi shunayya, kamar an ɗiga musu rini. Ya ce gansakukar murjani ce, kuma idan ta yaɗu alama ce ruwa ya zauna.

Yau sati biyar. Dutsen da ke can sama kusa da fitila ya yi fari fat kamar an shafa masa alli, na biyun ma ya fara daga tsakiya. Ga wata ƙura-ƙura mai launin ƙasa da ke kwanciya a gilashi da kan yashi, in na goge da safe kafin la'asar ta dawo.

Tankin yana ɗakin kwano. Ma'aunin zafi kan nuna 25 da asuba, 30 ko 31 bayan azahar. Fitila awa 12 nake bari tunda sola ce. Ruwa yana raguwa kusan lita ɗaya da rabi kullum, kusan sati biyu kuma ina cikawa da ragowar ruwan gishirin, wanda da ruwan bohol na haɗa shi. Ban sa kifi ba tukuna. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don yaron nan ya kashe kuɗi ba kaɗan ba.

Malamar Kimiyya, Dutse

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ɗauko ma'aunin gishiri ka auna, ka faɗa mana. Ina kyautata zaton ya haura sosai. Ruwa ne kawai yake tashi ya bi iska, gishiri yana nan a tanki, kamar miyar da ta daɗe a wuta. Duk ran da ka cika da ruwan gishiri, gishiri ka ƙara a kan gishiri. Abin da ya tsane da tataccen ruwa marar gishiri ake mayar da shi. Ma'aunin da ake so 1.025 zuwa 1.026 ne, wato kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, kamar na teku.

Ita wannan gansakuka daga dangin jajayen gansakuka take, amma tana gina jikinta da sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Launin yana cikin ƙwayoyin halittarta masu rai, to idan suka wahala launin ya dushe, sai farin ginin ya bayyana. Shi ne kake gani. Don ta yi ginin tana bukatar kalsiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, magnesiyam wajen miligiram 1300, KH kuma, wato awon kanwa-kanwar ruwa, maki 8 zuwa 9. A tankin da bai wuce sati biyar ba, babu murjani a ciki, gishirin da ka haɗa ya riga ya zo da waɗannan, don haka kada ka zuba komai sai ka auna.

Ɗan Kasuwar Laraba

Alhaji, na ji an ce ruwan nan yana son ya zama mai kanwa-kanwa. Me zai hana ka jiƙa 'yar ungurnu ka tace ka zuba kaɗan? Kuma tana da araha.

Malamar Kimiyya, Dutse

A'a ɗan'uwa, don Allah kada ya gwada. Gaskiya ne kanwa tana ɗaga KH, amma haɗe take da ƙasa da wasu gishirai, kuma ƙarfin wannan dunƙule daban da na wancan, ba ka san nawa ka zuba ba. In ma awo ya nuna KH ya faɗi, farar hodar soda ta yin burodi, wato bekin soda, ake amfani da ita, zalla, kuma ba a ɗaga fiye da maki ɗaya a rana.

Mai Gilashi, Dawakin Tofa

Yaya, sannu da ƙoƙari. Shekara uku ina da irin wannan tanki, kuma na sha abin da kake sha. Bayanin Malama daidai ne, ni zafi da fitila zan yi magana a kai.

Daga 25 zuwa 31 a wuni ɗaya ya yi yawa. Halittun nan 25 zuwa 26 suke so, su kwana a haka su wuni a haka. Kuma yanzu ba a shiga bazara sosai ba, in Afrilu ta zo ɗakin kwano sai ya gagare ka. Nawa a shagon kwano na fara ajiye shi, watan azumin da aka yi cikin zafi na rasa launin dutse biyu cikin kwana goma. Da na mayar da shi ɗakin soro na mahaifiyarmu, mai kaurin bango, bambancin safe da rana ya dawo maki biyu kacal. In kana da ɗakin ƙasa, can ya fi. Sannan ka ɗaura 'yar fanka tana hura saman ruwan. Yadda randa ke sanyaya ruwa haka ita ma take yi, sai dai za ka ƙara yawan cikawa.

Fitila kuma, ka lura wanda ya fara fari shi ne na kusa da ita. Dutsen da ya kwana a mota cikin tsumma, ya sha iska, sai aka ɗora masa haske awa 12. Rage zuwa awa 7, ka fi ba shuɗin haskenta ƙarfi a kan farin, ka sauko da dutsen ƙasa. Gansakukar nan ba ta bukatar haske mai tsanani.

Yanzu ka sa hannu ka juya dutsen a cikin ruwan, kada ka fito da shi. Duba ƙarƙashinsa da cikin ramukan. In ka ga ruwan hoda ko da kamar ƙwayar gero ne, da sauran rai, daga nan za ta sake bazuwa. Wurin da ya yi fari ƙal kuma kore ya fara hawansa, wannan ya tafi, amma ka bar shi, sabuwa za ta hau kansa. Ni sai a wata na huɗu na ga ɗigon farko, ba ma a dutse ba, a jikin robar famfo. Na kira yara suka zo da tocila muna kallo.

Ƙurar nan mai launin ƙasa kusan kowane sabon tanki yana yinta, takan wuce da kanta. Amma ruwan bohol yana iya ciyar da ita, don yakan ɗauko sinadaran yashi da na taki, kuma fosfet ɗin taki yana hana gansakukar murjani gini. Nemi ruwan da aka tace da injin RO, wato injin da ke tace gishiri da sauran sinadarai daga ruwa. Ka tambayi masu fiyawata kai tsaye ko da shi suke tacewa, ba duka ke da shi ba.

Mai Tarwada, wajen Ringim

Allah ya saka muku da alheri. Malama, na auna, 1.030 ne. Na juya duwatsun kamar yadda Mai Gilashi ya ce, uku suna da launi a ƙasa, na saman ma akwai ɗan shunayya a wani rami kamar girman farce. Hankalina ya ɗan kwanta. Shin in kwashe rabin ruwan yau in zuba marar gishiri?

Malamar Kimiyya, Dutse

Kada ka yi shi lokaci ɗaya, Malam, saukar gaggawa ma tana ƙona ta. Kullum ɗebi lita uku ka mayar da tataccen ruwa lita uku, a hankali, kusa da bakin famfo, ban da cikon abin da ya tsane. Zai riƙa sauka kamar 0.001 a rana, cikin kwana huɗu ko biyar ka iso 1.026. Sannan ka ja layi da alƙalamin maka a jikin gilashi daidai bakin ruwa, kullum da safe ka cika zuwa layin. Ran Juma'a ka turo mana awon gishiri da na KH, da hoton ramin nan mai shunayya.