Wane salon hawa teburin tsalle (teburin da ake dafawa a tsallake a wasan jimnastik) za a fara koya wa yara mata?

Abin da masu horar da 'yan jimnastik suka fi yarda da shi a wata tattaunawa da aka yi kan wannan tambaya shi ne a fara da salon gaba: yarinya ta ruga, ta taka katakon tashi (katako mai sifirin da ke cilla ta sama), ta dafa tebur tana fuskantarsa. A nan take koyon gudu da tura kafaɗa, kuma idonta na kan inda hannunta zai sauka.

Inda aka yi saɓani shi ne mataki na gaba. Wasu sun fi son salon Tsukahara, inda take juya jiki kafin ta dafa, saboda ya dace da yarinya mai ƙarfi da gudu. Amma mafi rinjaye sun karkata ga Yurchenko, salon da Natalia Yurchenko ta Tarayyar Sobiyat ta fito da shi a 1982: alkafurar gefe zuwa kan katako, sannan a hau tebur da baya. Ko mai ƙaramin jiki tana samun tashi sosai. Sai dai ba ta ganin teburin, nan haɗarin yake. Shawararsu a daɗe ana atisayen a ƙasa da cikin ramin soso (ramin da ake cika da soso don a faɗa ciki ba tare da jin rauni ba), kuma kada a taɓa yinsa ba tare da katifar da ke zagaye katakon ba.

Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa kada a tsaya kan salo ɗaya. Domin a wasan ƙarshe na tsalle a gasar duniya, sai 'yar wasa ta yi tsalle biyu daga rukuni daban-daban.