Hali zanen dutse: har a kan yaro ɗan shekara 13?

Goggon Yara, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Karin maganar da na kawo yau kwana biyu ke nan ta hana ni barci. Ɗan yayana ne a hannuna, shekararsa 13. Shekaranjiya a layin ɗibar ruwa wani yaro ya ture masa jarka, kafin kiftawar ido ya rarumi bokitin ƙarfe ya fasa masa goshi, sai da aka yi ɗinki. Da muka dawo daga ba iyayen yaron haƙuri, Inna tana zaune tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Hali zanen dutse. Ubansa ma haka ya tashi, kada ki wahalar da kanki." Ɗan yayan nawa yana tsaye a bakin ƙofa, kuma ya ji. Don Allah abin da magabata suke nufi ke nan?

Malam na Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam. Allah ya shirya mana zuriya. Cikonta shi ne "ba ya kankaruwa". Amma ni yadda na taso na ji dattawa suna amfani da ita, gargaɗi ce. Ka ba baligi amana ya ci, ya dawo da daɗin baki, ka sake ba shi ya sake ci, sai a ce maka hali zanen dutse, wato ka shiga taitayinka. Ban taɓa jin dattijo ya yanke wa yaro hukunci da ita ba. Bakin da ya faɗe ta ai shi ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗan Sabon Gari: Allah ya gafarta Malam, a nan ina bayan Inna. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu bakwai ne uwa ɗaya uba ɗaya, tuwo ɗaya muka ci, bulala ɗaya muka sha, amma ƙanina na uku tun yana goye in ya so abu sai ya sanƙare yana ihu. Yau yana da 'ya'ya huɗu, zuciyar tana nan. Wa ya koya masa?

Ɗalibar Samaru: Yaya na Sabon Gari, gado yana da nasa kaso, masu nazarin halayyar ɗan'adam ba su musa ba. Amma ji yadda abin yake. A garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan an bi rayuwar yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973 har suka girma. A 2002 Avshalom Caspi da abokan aikinsa suka duba mazan cikinsu, suka ware masu wani nau'i na ƙwayar gado da ake kira MAOA. Wanda yake da wannan nau'in kuma aka azabtar da shi yana yaro, shi ne ya fi faɗawa ta'adi da duka da ya girma. Wanda yake da shi amma ya tashi ba a cuce shi ba, bai bambanta da sauran ba. Ashe dutsen ne ake gada, zanen kuwa hannu ne yake yinsa.

Akwai kuma wanda ya fi ba ni mamaki. Richard Tremblay na Kanada ya shekara da shekaru yana bin yara, ya gano cewa lokacin da ɗan'adam ya fi yawan duka da cizo da yaƙushi shi ne wajen shekara 2 zuwa 3. Daga nan yawancin yara sai abin ya yi ta raguwa, saboda sun koyi roƙo da baki, sun koyi jira. Kowa da duka ya fara. Haƙurin ne ake koya.

Malam na Ƙofar Doka: Madalla da wannan 'yar. Imamu Gazali ma a littafinsa Ihya'u ya yi raddi ga masu cewa ɗabi'a ba ta canzuwa, ya ce da haka ne da wa'azi da nasiha da ladabtarwa duk sun zama aikin banza.

Ɗan Sabon Gari: To na ji. Goggo, in haka ne a nema masa inda zai riƙa sauke zuciyar. A rataya masa buhun yashi a zaure, in ransa ya ɓaci ya je ya yi ta naushi har ya huce. Tukunya in ta tafasa ai buɗe murfin ake yi.

Ɗalibar Samaru: Yaya, wannan kam an gwada shi, bai yi ba. Brad Bushman a Amurka, a 2002, ya sa aka ɓata wa ɗalibai 600 rai ta hanyar kushe rubutunsu. Wasu aka ce su naushi buhu suna tuna wanda ya kushe su, wasu aka bar su zaune shiru na minti 2. Masu naushin su suka fi fusata, kuma da aka ba su damar ramawa su suka fi tsanantawa. Hannu yana sabawa da abin da aka saba masa. Duka a gida ma haka yake: tun 1961 Albert Bandura ya nuna cewa yaran da suka kalli babba yana jibgar 'yar tsana, da aka bar su da ita jibgarta suka yi yadda suka ga ya yi.

Malam na Ƙofar Doka: Zaman shirun nan ai mun san shi. Hadisin Abu Dawuda ne: in ɗayanku ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ba a ce ya nemi abin duka ba. Mu ma muna da tamu: fushin fari ba naka ba ne.

Mai Gareji, Kwangila: Ni ban yi boko mai nisa ba, amma yara sun fi ashirin da suka wuce ta hannuna. Akwai wanda aka kawo min an kore shi daga wuri biyu, ya taɓa jifan abokin aikinsa da sifana. Na lura kullum kafin ya tashi sai kunnuwansa sun yi ja, ya fara cije leɓe. Sai na ja shi gefe muka yi yarjejeniya: duk sanda ya ji haka, ya ajiye abin da ke hannunsa a ƙasa, ya tafi bakin randa ya wanke fuska, ba wanda zai tambaye shi dalili. Watannin farko sai na ɗaga masa gira yake tunawa. Daga baya da kansa. Ba zan ce ya zama salihi ba, har gobe yana da zafi, amma shekara shida ban sake jin ya taɓa kowa ba, kuma yanzu yana da nasa yaran.

Ɗalibar Samaru: Baba, abin da ka yi shi ne ƙashin bayan maganin da masana suke bayarwa: mutum ya gane alamar fushi a jikinsa kafin ta kai hannu, ya saba da wani abin yi a madadin duka. A Manrobiya ta Laberiya an gwada shi a kan matasa 999, da yawansu 'yan daba da tsofaffin mayaƙa. Waɗanda aka yi wa zaman koyar da wannan dabara na sati 8 kuma aka ba su dala 200, bayan shekara 10 sata da sayar da ƙwaya a cikinsu sun ragu da kusan rabi in aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa komai ba. Waɗannan busasshen icce ne fa, ba ɗanye ba.

Ɗan Sabon Gari: Na karɓi na buhun. Amma Baba da bakinsa ya ce yaron har gobe yana da zafi. To zanen yana nan ke nan, ba a kankare shi ba.

Goggon Yara, Tudun Wada: Zafin ya zauna, Yaya, ni dai hannun ya sauka. Na gode muku ƙwarai. Ɗazu da magariba na zaunar da shi na tambaye shi me yake ji kafin ya kai duka, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ƙirjinsa ne yake yin zafi, kuma ba ya jin maganar kowa. Mun yi alkawarin randa irin na Baba Mai Gareji. Abin da ya rage min shi ne Inna. Malam, da wane lafazi zan roƙe ta ta daina faɗin wannan magana a gabansa, ba tare da ta ga na raina ta ba?