Me ya sa aka daina yayin manyan kifin ado?

Mai Koyo: 'Yan'uwa, a da babban kifin nan oska ake rububi, yanzu sai ƙananan kifaye irin su beta da niyon tetra. Me ya jawo?

Tsohon Hannu: Girman jiki ne, ƙanena. Oska kan kai santimita 30, sai tanki mai lita 280, ga yawan kashi da ke tara sinadarin amoniya mai guba idan matatar ruwa ta gaza. Beta kuwa lita 20 ta ishe shi, a ɗumin digiri 25 zuwa 27. Kada dai a haɗa maza biyu, za su yayyaga juna.

Uwar Tanki: Gaskiya ne, Malam. Ga kuma yayin shuka tsirrai a tanki, alhali oska tumɓuke su yake yi. Tetra a zuba aƙalla 6. In sun yi kaɗan sukan tsorata, launinsu ya dusashe.