Don Allah wa ya san yadda ake gane mai bada ƙoda ya shirya da gaske?

Salamu alaikum jama'a, ina neman shawara daga Aboabo, Kumasi. Yayanmu na wankin ƙoda kuma kuɗin ya fi ƙarfinmu wallahi, sai ƙanenmu ya ce zai ba shi tashi, an auna jini ya dace. Amma da likita ya keɓe shi su biyu yana tambayarsa ko wani ya matsa mishi, ko an mishi alkawarin kuɗi, wa zai ciyar da iyalinsa lokacin jinya, yaron ya dawo gida jiki a sanyaye ko tuwo bai taɓa ba.

Makaniki ne a Suame Magazine, kullum cikin ɗaga inji yake, an ce bayan tiyata sai ya yi kamar sati 6 bai ɗauki abu mai nauyi ba, kuma ranar da bai fita ba babu cefane. Matarsa ba ta so sam, Hajiya kuma da ta gan shi sai ta hau sa mishi albarka, to ta ina zai iya cewa ya fasa? Ni dai ina ganin kunya ce ke riƙe da shi.

Likitan ya ce yana da damar janyewa kowane lokaci. Ya zan tambaye shi gaskiyar zuciyarsa ba tare da gida ya ce ni na hana ba?