Neman shawara: me baƙo zai gani a Argungu idan ba lokacin bikin kamun kifi ba ne?

Mai tambaya, daga Zariya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, ina neman shawararku, musamman waɗanda suka fito daga Jihar Kebbi ko suka taɓa zama a can. In Allah ya kai mu ƙarshen watan Disamba za a ɗaura auren ƙanin maiɗakina a Argungu, kuma na yi niyyar tafiya da mahaifiyata da iyalina gaba ɗaya, tunda lokacin ya dace da hutun makaranta. Burina shi ne idan an watse daga biki mu ƙara 'yan kwanaki, domin yaran su ga wani yanki na ƙasar Hausa da ba su taɓa takawa ba. Sai dai duk wanda na yi wa zancen sai ya ce ai Argungu ba ta da abin kallo sai lokacin bikin kamun kifi, kuma tunda zuwanmu bai dace da bikin ba, gara mu juyo da zarar an shafa fatiha. Dangin amarya na can, amma ba na so in ɗora musu nauyin yawo da mu alhali suna fama da hidimar biki. Shin da gaske babu abin da zai tsayar da baƙo a garin? Idan akwai, daga ina ya kamata mu fara, kuma wane ne ya dace mu nema ya yi mana jagora? Allah ya saka da alheri.

Malamin Tarihi, daga Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam. Malam, waɗanda suka gaya maka haka a talabijin kawai suka san Argungu. Ni shawarata ita ce ku fara da gidan tarihi na Kanta, wanda ke cikin gari kusa da kasuwa, kafin ku taka bakin gulbi, domin wanda bai shiga gidan nan ba ba zai gane abin da ya sa garin ya zama yadda yake ba.

Ginin kansa tsohon gidan sarauta ne tun ƙarni na 19, kuma sarakunan Kabi sun zauna a cikinsa har shekarar 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada, sannan aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi a 1958. An raba shi ɗaki-ɗaki, kuma za ku ga masu da takubba da kwari da baka da tsofaffin bindigogi da layu da gangunan sarauta. A cikin harabar ne kuma ake binne sarakunan garin, saboda haka ka ja kunnen yara tun daga ƙofa cewa wurin ba filin wasa ba ne, a shiga da sallama, a yi wa mamata addu'a, kuma kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto sai ya tambayi ma'aikatan gidan.

Kafin ku je, ka zaunar da yaran ka ba su labarin a taƙaice. Muhammadu Kanta, wanda aka sa wa gidan sunansa, shi ne ya fitar da Kabi daga ƙarƙashin daular Songhai a farkon ƙarni na 16, ya kafa babban birninsa a Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, inda ta zauna har 1805, shekarar da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin. Kabawan da ba su yarda su miƙa wuya ba su ne suka tattaru a Argungu, suka shafe mafi yawan ƙarnin suna fafatawa da Gwandu da Sakkwato, musamman tun daga 1849 da Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi. An sami sararawa a zamanin Sarki Abdullahi Toga, wadda har yau ake kira Lafiyar Toga, amma ba ta ɗore ba. To, bikin kamun kifin da duniya ta sani yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci Argungu a zamanin Sarki Muhammadu Sama, aka shirya masa gagarumin su domin girmamawa. Idan yaro ya ga takubban nan da idonsa, sannan aka kai shi bakin ruwan da aka karɓi Sarkin Musulmi, ya koyi darasin da ba zai manta ba.

Idan kuna da hali, ku ƙarasa kufan Surame, wanda yanzu yake cikin Ƙaramar Hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, inda har yau ake ganin ragowar ganuwar duwatsu da Kanta ya sa aka gina.

Direban Sakkwato:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ni ɗalibinsa ne a wannan fanni, amma ina neman afuwa a kan maganar Surame. Ban ba mai tambaya shawarar ya ɗauki dattijuwa da ƙananan yara ya shiga da su wannan daji ba. Kufai ne, ba gari ba, hanyar shiga ba kwalta ba ce, kuma kowa ya san a 'yan shekarun nan an sha samun hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan yankin, har da ɓangaren ƙananan hukumomin Augie da Arewa. Idan shi kaɗai ne tare da ɗan gari da ya san halin da ake ciki a makon, wannan wata magana ce daban.

Game da hanya kuwa, daga Sakkwato zuwa Argungu kimanin kilomita 100 ne, daga Birnin Kebbi kuma kusan rabin haka. Filin jirgin sama na jihar yana Ambursa, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, idan har kuna ganin doguwar tafiyar mota za ta wahalar da Hajiya. Ku yi sammako, ku shiga gari da rana tsaka, kada ku yarda dare ya yi muku a hanya. Maganar masauki kuma ka gama ta tun kana Zariya ta hannun surukanka, su je su duba ɗakin da ruwa da wuta da idonsu, kuma idan bai kwanta musu a rai ba ku kwana a Birnin Kebbi ku riƙa zuwa da safe.

Malamin Tarihi:

Gaskiyarka, Alhaji. Na janye maganar Surame ga mai tafiya da iyali.

Ɗan Masunta, daga Argungu:

Yaya, barka da niyya, Allah ya kawo ku lafiya. Ni a gidan masunta na tashi, kuma abin da zan gaya maka shi ne wanda ya zo lokacin biki ya ga taro, amma bai ga gulbi ba. A ranar gasa dubban mutane ke rugawa cikin Matan Fada, wato gulbin da ake gasar a cikinsa, lokaci guda, ƙura ta tashi, ruwa ya dagule, cikin awa ɗaya ko makamancin haka an gama, kuma baƙo yana can nesa yana leƙe ta bayan kawunan jama'a. Kai kuwa da za ka zo a Disamba, kana iya tsayawa dab da masunci ka tambaye shi duk abin da kake so.

Ku fito bayan sallar asuba, a sa wa yara rigunan sanyi domin hunturun bakin ruwa ba irin na cikin gari ba ne. Ita Matan Fada an keɓe ta, ba a su a cikinta sai da izini, kuma tana ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, wanda ya gaji wannan aiki daga iyaye da kakanni, saboda haka can kallo kawai za ku yi. Dalilin hanin a fili yake, wato a bar kifi ya hayayyafa ya girma, shi ya sa a gasar 2020 aka fito da giwan ruwa mai nauyin kilo 78. Amma a sauran wuraren da ake su kullum za ku tarar da masunta suna dawowa da abin da Allah ya ba su, ana juye tarwaɗa da karfasa da ƙurungu a kwando, masu saye suna tsaye ana ciniki. Ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya nuna wa yaran homa da gora. Homa ita ce komar hannu da ake riƙewa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, gora kuwa ƙaton duma ne mai baki a sama, wanda masunci ke kifa cikinsa a kai ya yi iyo, idan ya kama kifi ya jefa a ciki. Idan yaro ya ɗaga gorar ya ji rashin nauyinta, sannan ya ga ƙato ya hau ta bai nutse ba, zai yi ta tambaya har ku koma gida.

Abin da bai kamata ba shi ne ku zo bakin ruwa kai tsaye ku fara ɗaukar mutane hoto suna cikin neman abincinsu. Ka sa wani daga gidan surukanka ya haɗa ka da dattijon masunta tun da dare kafin ranar, ka je ka gaishe shi da ɗan goro, shi zai ba ka yaron da zai zagaya da ku. Ta bakin irin waɗannan dattawa ne za ka ji yadda ake al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa kafin a buɗe kamun kifi, da wasannin Kabanci irin su tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu, waɗanda suna cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016.

Idan yaran sun matsa sai sun shiga kwale-kwale, a zaɓi matuƙi babba wanda dattijon ya amince da shi, kada a cika jirgin, kada a yi nisa da gaɓa, kuma in babu rigar kariya ga kowane yaro, a haƙura. Ruwa ba ya wasa da wanda bai iya shi ba.

Hajiya Babba, daga Argungu:

Ɗana, maza sun yi maka zancen yaƙi da na ruwa, sun manta da mahaifiyarka da maiɗakinka. Ka bar su su shiga kasuwa tare da wata daga gidan amarya, domin idan baƙuwa ta je ita kaɗai ba za ta san kifin da aka banda da kyau ba. Bandar kirki za ta ji ta a bushe ƙarau, ba laushi a ciki, kuma sai ta ɓare kan ta duba ko ƙwari sun shiga. Wannan ita ce tsarabar da za ku kai Zariya a yi ta sa muku albarka. Sai kuma shinkafarmu ta gida, wadda mata ke turarawa su shanya kafin a kai inji, ku sayi ko da 'yan tiyoyi ne. Kada kuma ku bar garin ba ku ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi a cikin gida ba, domin na gidan abinci bai kama ƙafarsa ba, kuma na tabbata surukanka za su ji daɗi idan ka nuna kana so.

Da la'asar kuma ka fita da yaran bakin fadama. A lokacin da za ku zo an gama girbin damina, manoma sun duƙufa shirin noman rani, za ku ga ana gyara fangali, injinan ban ruwa suna ta ƙara, ana ciro irin shinkafa ana dasawa da hannu cikin laka. Yaran birni da yawa sun san shinkafa a buhu ne kawai. Akwai kuma babbar masana'antar sarrafa shinkafa da aka buɗe a garin a 2017, amma ita ba a shiga sai da izini, kuma ni a ganina fadamar ta fi ta abin kallo.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu na san za mu tsaya. Saura tambaya biyu. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya a ƙasa, shin za ta iya zuwa waɗannan wurare? Sannan ina sha'awar yaran su ga fada, ko baƙo irina zai iya kai gaisuwa?

Malamin Tarihi:

Fada ba a rufe take ga baƙo ba, amma ba a faɗa mata haka kawai. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, yana da hidimomi da tafiye-tafiye, saboda haka ka nemi mai unguwar surukanka ko wani mai sarauta da suka sani ya shigar da maganar tun kafin ku iso. Ku sa manyan kaya, a cire takalma inda aka ga ana cirewa, a bar dogarai su nuna muku wurin zama, kuma gaisuwa ta zama gajera. Ko ba a sami ganin Sarki ba, yaran za su ga ƙofar fada da dogarai da yadda hakimai ke shigowa.

Hajiya Babba:

Game da Hajiya, kada ka damu. Gidan tarihi mota na kaiwa har ƙofa, kuma tana iya zama a inuwa ta huta idan ta gaji. Bakin gulbi ne dai ban so a fita da ita da asuba ba, domin sanyin nan zai tayar mata da gwiwar. A kai ta da hantsi idan rana ta ɗaga, a tafi da kujerar roba da tabarma, a tsayar da mota inda ƙasa ta yi tauri, kada direba ya matsa kusa da ruwa tayar ta kafe a yashi. Kasuwa kuwa ta bar wa surukarta, ita ta faɗi irin kifin da take so a kawo mata gida ta zaɓa.