Wallahi Ƙazafi Aka Yi Min a Rediyo

Alhajin Dawanau: Salamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ranar Litinin wani yaro ya zo rumfata da abin ɗaukar magana, ya ce daga gidan rediyo yake, yana son jin ta bakinmu kan tsadar hatsi. Na ba shi kujera, na sa aka kawo masa ruwan sanyi, muka fi minti 20 muna hira. Ya tambaye ni ko gaskiya ne ana ɓoye kaya. Na ce masu ɓoyewa akwai su, kowace sana'a da ɓata-garinta, amma ba su suka kai masara inda take ba. Na lissafa masa kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da faɗuwar Naira, da manoman Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Da daddare na kunna rediyo sai ga muryata, "masu ɓoyewa akwai su", ƙit aka yanke. Kanun labarin kuma wai ɗan kasuwa ya amsa cewa ana ɓoye abinci a Dawanau. Kun san tun da hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta garƙame ɗakunan ajiya a Fabrairun 2024 kowa a kasuwar nan kaffa-kaffa yake yi. Yanzu 'yan layinmu kallon munafuki suke yi min. Wallahi ƙazafi aka yi min. Ni da ɗan jarida har abada.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya bi maka haƙƙinka Alhaji.

Malam Ƙarami: Alhaji Allah ya ƙara haƙuri, amma a gyara kalma. Ƙazafi a shari'a jifan mutum da zina ne, haddinsa bulala 80, duba Suratun Nur aya ta 4. Abin da aka yi maka sai dai a ce ƙage ko sharri. Kada mu riƙa wasa da kalmomin da ke da hukunci.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, an daki mutum kuma za a hana shi kuka? Duk faɗin Kano in an laƙaba maka abin da ba ka yi ba, ƙazafi ake cewa. Kakata ma haka take faɗa.

Malam Ƙarami: Kakarka ba hujja ba ce a fiƙihu.

Ɗan Fagge: Ita ma Hausa ba a makarantar allo aka ƙirƙire ta ba. Kalma in ta shigo bakin Bahaushe ta zama tasa. Ai "wahala" da "fitina" ma ba daidai yadda Larabawa suke nufi muke faɗarsu ba.

Basakkwace: Wanga zance na Malam gaskiya na. Ku Kanawa kun gama lanƙwasa Hausa, yanzu kun koma kan Larabci.

Ɗan Fagge: To a Hausar wa ake karanta maka labarai? Je ka buɗe rediyo ka ji ko ana cewa "wanga".

Baba Edita: Ni da na yi shekaru a ɗakin labarai bari in sa baki. Ba ƙazafi ba ne, ba kuma ƙage ba ne, tun da Alhaji da bakinsa ya furta maganar. Ƙage shi ne a ce ka faɗi abin da ba ka faɗa ba. Ku gane yadda aikin yake. Rahoto gaba ɗaya minti ɗaya da rabi ne ko biyu, muryar mutum ba ta wuce daƙiƙa 20 a ciki. Wanda ya ɗauko murya daban, wanda ya tace ta daban, wanda ya rubuta kanu daban, wani lokacin ma na ukun bai saurari hirar ba. Yaron da kuke zagi watakila shi ma a rediyo ya ji kanun. Alhaji ka je ka nemi a ba ka damar mayar da martani, in sun ƙi ka kai ƙara NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin.

Injiniya: NBC ɗin da ta ci tarar Trust TV Naira miliyan 5 a 2022 saboda shirin da suka yi kan 'yan bindiga? Gwamnati take karewa Baba, ba mai rumfa a Dawanau ba.

Ɗan Fagge: Baba, wato in na ce "babu abin bautawa" ka yanke "sai Allah", ba ka yi min ƙarya ba tun da ni na faɗa?

Malam Ƙarami: Subhanallah! Ka goge wannan misalin yanzu. Ba a buga misali da kalmar shahada.

Ɗan Fagge: Malam kai fa yau aikinka gyaran baki kawai.

Injiniya: Ni tambayata ɗaya. Alhaji ruwan sanyi kawai ka ba shi? Babu na goro, babu kuɗin mota? To ai shi ke nan, ka ga dalili.

Baba Edita: Injiniya ka iya bakinka. Ni ban taɓa karɓar ambulan ɗin kowa ba. Kuma kafin ka zagi yaran nan ka tambayi nawa ake biyansu, da watanni nawa suke bi bashin albashi. Ku injiniyoyi da kwalbatinku ke rushewa da ruwan farko wa ya ce muku ɓarayi?

Injiniya: Ni na lantarki ne Baba.

Basakkwace: To ai gara na kwalbati.

Hajiya Turai: Ni shi ya sa ban da BBC ba na sauraren kowa. Tun 1957 suke Hausa, mahaifina da ita ya tashe mu.

Na Maraɗi: Hajiya wace BBC? Mu nan Nijar an dakatar da ita wata uku a Disambar 2024, RFI da France 24 kuwa tun Agustan 2023. Duk bakinsu ɗaya da Faransa.

Hajiya Turai: Sojojinku ne ba sa son a faɗi adadin waɗanda aka kashe. Kuma BBC ta Ingila ce, ina ruwanta da Faransa?

Na Maraɗi: Bature Bature ne. Ku da kuka yanke mana wuta kuka rufe iyaka ba ku da bakin magana.

Hajiya Turai: Ni na yanke? Ni ma yau kwana biyu ba mu ga wuta ba.

Bazazzagi: Aikin jarida ya mutu tun bayan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A Zariya aka kafa ta a 1939, Abubakar Imam na edita. Sunan kaɗai ya ishe ka.

Injiniya: Jaridar da gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta kafa? Suna ne kawai, mai kuɗin bugawa shi ke da gaskiyar.

Jar Hula: Ku bar kewaye-kewaye. Alhaji wane gidan rediyo ne? Na rantse na 'yan adawa ne, so suke a ce gwamnatin Kano ta gaza.

Ɗan Fagge: Ko kuma naku ne, ana neman hujjar sake rufe shaguna. Kowane ɓangare da sojojin bakansa, kowa ya san sayen fili ake yi.

Alhajin Dawanau: Ba zan faɗi suna ba, ina da iyali.

Baba Edita: To turo mana muryar mu ji.

Alhajin Dawanau: Ban ɗauka ba. Wa ya san haka za ta faru?

Maman Ilham: Ni kamar na ji shirin ina wanke-wanke, amma kamar maganar albasa ake yi.

Malam Ƙarami: Kun gani? Babu shaida ko ɗaya, ga shi ana kiran ƙazafi, wanda shi shaidu huɗu ake nema a babinsa.

Baba Edita: Jama'a dare ya yi, a matsayina na mai kula da zauren nan bari in taƙaita. An fahimci cewa ɗan jaridar bai yi ƙarya ba, ƙarancin lokaci ne ya sa aka rage hirar. Malam ya tabbatar da cewa kalmar ƙazafi kuskure ce, kuma Alhaji ya janye ta. Zargin na goro ba shi da tushe, muna jiran Injiniya ya ba da haƙuri. Maganar Nijar da ta siyasa ba huruminmu ba ce. An rufe wannan babi.

Alhajin Dawanau: Yaushe na janye? Baba ka nuna min inda na janye. Ga shi a gaban kowa kai ma ka yi min irin ta yaron naku.

Ɗan Fagge: Alhaji tun da an rufe, akwai gero a ajiye? Buhu biyu nake so.