Taimako: sojojin takobina ba sa kaiwa ga abokan gaba a Warhammer 40,000

Salam 'yan uwa, don Allah masu buga Warhammer 40,000 bugu na 10 (wasan yaƙi da ƙananan sojojin roba da dayis a kan tebur) ku taimaka min, abin ya tsaya min a rai. Ina Jos, mu kaɗan ne ke bugawa a nan, kuma abokin karawata rundunar T'au yake riƙewa, wato bindiga zalla.

Ni kuma Assault Intercessors nake so, masu takobin zarto ɗin nan, amma tafiyarsu inci 6 ce kawai, kafin su ratsa tsakiyar tebur an kwashe rabinsu, ragowar kuma sai na jefa dayis biyu na kai farmaki su gaza, su tsaya a fili ana ta ruwan harsashi a kansu. Na saka su a motar ɗaukar sojoji ta Impulsor, to amma in motar ta yi tafiya suka sauka doka ta hana su farmaki a wannan zagayen. Motar Land Raider ce ke da damar sauke su su kai farmaki nan take, ita kuma makin da take ci wajen haɗa runduna da yawa, ga tsadar kawo kaya daga Ingila.

Shin in koma masu tashi sama da ke tafiya inci 12 ne? Ko in riƙa laɓe su bayan kangon gini sai zagaye na biyu?

Sai batun sajan. Power fist (dunƙulen ƙarfe) zan ba shi ko thunder hammer (guduma)? Ƙarfinsu ɗaya, 8, amma gudumar sai dayis ya nuna 4 ko sama take samun abokin gaba, shi kuwa dunƙulen 3 ya isa. Ni na fi karkata ga dunƙulen, sai dai gam nake shirin sawa, in ya kama ya kama, shi yasa nake so in ji ta bakinku tukun.